Tommy McCook: Mabushin Saksofon da Ya Gina Kiɗan Rege a Kan Ilimin Jaz

Thomas Matthew McCook, wanda duniya ta fi sani da Tommy McCook, mabushin saksofon ne ɗan ƙasar Jamaika da aka haifa a watan Maris na 1927, ya kuma rasu ranar 5 ga Mayu, 1998. Shi ne jagoran ƙungiyar makaɗa ta Skatalites, daga baya kuma ya shugabanci ƙungiyar Supersonics. Ya shafe sama da shekara hamsin yana busa, kuma da wuya a sami wani mataki na kiɗan zamani na Jamaika, tun daga ska zuwa rokstedi, rege da dub, da babu hannunsa a ciki.

Masu sauraron rege a Najeriya da sauran ƙasashen Afirka sun fi riƙe sunayen mawaƙa irin su Bob Marley, Jimmy Cliff da Peter Tosh. Amma a bayan waɗannan muryoyi akwai wasu 'yan tsirarun makaɗa da suka tsara kiɗan, kuma akasarinsu 'yan jaz ne tun asali. Tarihin McCook ya nuna cewa jaz yana cikin kiɗan Jamaika tun daga tushe, kafin ma a san kalmar rege.

Makarantar Alpha

McCook ya tashi a Kingston, babban birnin Jamaika, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin mulkin mallakar Birtaniya. Yana da kimanin shekara 11 ya fara koyon busa a makarantar yara maza ta Alpha da ke kan titin South Camp. An kafa wannan gida a 1880 domin kula da marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi, kuma daga 1890 mata masu hidimar cocin Katolika na ƙungiyar Sisters of Mercy suka shiga tafiyar da shi. Ana koya wa yaran sana'o'i kamar ɗinki, kafinta da aikin ɗab'i, amma abin da ya fito da sunan makarantar shi ne badujalarta, wadda ta faro a 1892 da ganguna da sarewa kawai.

Horon Alpha mai tsanani ne. Yaro ba ya tsayawa kan kwaikwayon abin da kunnensa ya ji. Sai ya iya karanta rubutun kiɗa, ya san yadda ake jera sautuka su dace da juna, ya kuma iya busa cikin taro ba tare da ya danne abokan busarsa ba. Wata malama mai suna Sister Mary Ignatius Davies, wadda ta zo makarantar a 1939 ta zauna har rasuwarta a 2003, ta tara ɗimbin faya-fayan garmaho tana kunna wa ɗalibai domin su saba da jaz da sauran kaɗe-kaɗen duniya. Daga wannan gida aka yaye Don Drummond, Lester Sterling, Johnny Moore, Rico Rodriguez da Cedric Brooks, da kuma Joe Harriott da Dizzy Reece waɗanda suka yi suna a fagen jaz a Landan.

Abin busar da McCook ya riƙa shi ne saksofon mai matsakaiciyar murya, wanda ake kira tena. Wani maƙerin kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, shi ya ƙirƙiro saksofon ya yi masa rajista a 1846. Jikinsa na farin ƙarfe ko tagulla ne, amma sautin yana fitowa ne daga wani siririn ɓallin kara da ke bakinsa, wanda ke karkarwa idan aka hura iska, kusan yadda bakin algaita ke aiki. McCook ya kuma ƙware a sarewar Turawa, wadda ya yi amfani da ita sosai a tsakiyar rayuwarsa.

Otal-otal, Bahamas da John Coltrane

A farkon shekarun 1940 ya bar makaranta ya shiga ƙungiyar Eric Deans, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin kiɗan rawa na Kingston a lokacin. Aikin irin waɗannan ƙungiyoyi shi ne nishaɗantar da masu hannu da shuni da 'yan yawon buɗe ido a otal-otal da gidajen rawa, da kaɗe-kaɗen Duke Ellington da Count Basie, da na Kyuba, da kuma mento, kiɗan gargajiyar tsibirin. A waɗannan shekaru McCook da wasu matasan mabusa sukan je sansanin Count Ossie, shugaban makaɗan ganga na 'yan Rastafari a gabashin Kingston, su kwana suna busa a kan kiɗan ganguna masu asali da Afirka. Wannan zama ya bar alama a salonsa.

A 1954 ya tafi Nassau, babban birnin Bahamas, domin aiki a wani gidan rawa, kuma ya kwashe kusan shekara takwas a wajen ƙasarsa. A wannan tsakanin ya leƙa Miami a Amurka, inda ya fara jin busar John Coltrane. Coltrane ya sauya masa tunani game da abin da saksofon zai iya yi: dogon numfashi, bin sautuka da sauri sama da ƙasa, da ƙirƙirar sabon zance nan take a kan tsohon kiɗa. Daga nan McCook ya ɗauki kansa a matsayin ɗan jaz, kuma bai sauka daga wannan ba har ƙarshen rayuwarsa.

Komawa gida da haihuwar ska

Ya koma Jamaika a farkon 1962, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 6 ga Agusta. Ya tarar abubuwa sun canja. Talakawan Kingston ba sa shiga otal. Rawarsu a fili ake yi, inda masu manyan lasifikoki ke kunna faya-fayai har asuba. Da farko faya-fayan baƙaƙen fatar Amurka ake kunnawa, amma da irin kiɗan da jama'a ke so ya fara ƙaranci, sai masu lasifikokin, musamman Clement Dodd da ake kira Coxsone, da Duke Reid, da Prince Buster, suka koma ɗaukar makaɗan gida suna naɗar nasu. Daga nan aka sami ska, kiɗa mai sauri wanda jita da fiyano ke buga ƙarfinsa a tsakanin bugun ganga maimakon a kan bugun.

Dodd ya nemi McCook ya shiga wannan aiki, amma da farko ya ƙi, domin jaz yake son yi. Abin da ya yarda ya yi a 1962 shi ne kundin jaz zalla mai suna Jazz Jamaica from the Workshop, tare da Don Drummond, Roland Alphonso da mai jita Ernest Ranglin. Sai a ƙarshen 1963 ya naɗi ska na farko, wato Exodus, wanda aka ɗauko daga kiɗan wani fim da Ernest Gold ya rubuta. A wannan shekarar ne Dodd ya buɗe ɗakin naɗar sautinsa na Studio One a lamba 13, titin Brentford.

Skatalites

A tsakiyar 1964 makaɗan da suka daɗe suna haɗuwa a ɗakunan naɗar sauti suka yanke shawarar kafa ƙungiya mai suna, su riƙa fita gaban jama'a. McCook, wanda ya girme yawancinsu kuma ya fi su gogewa, ya zama jagora. Sunan Skatalites haɗi ne na kalmar ska da kalmar Turanci ta tauraron ɗan Adam, abin da duniya ke yayi a lokacin tseren zuwa sararin samaniya tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet.

Mutum tara ne ginshiƙan ƙungiyar. McCook da Roland Alphonso suna busa saksofon tena, Lester Sterling yana busa ƙaramin saksofon, Johnny Moore yana kan turampet, Don Drummond kuma yana kan turombon. Lloyd Knibb ne mai ganga, Lloyd Brevett mai bas, Jerome Haynes da ake kira Jah Jerry mai jita, sai Jackie Mittoo, matashi ɗan shekara 16, a kan fiyano. Huɗu daga cikin mabusan biyar tsofaffin ɗaliban Alpha ne. Mawaƙa irin su Doreen Shaffer, Jackie Opel da Lord Tanamo sukan rera tare da su a dandali.

Wanda ya saurari faya-fayan Skatalites da kunnen jaz zai gane tsarin nan take. Mabusa duka suna fara kawo jigon kiɗan tare. Daga nan kowa ya karɓi zagayensa shi kaɗai, ya ƙirƙiri abin da zai busa a wannan lokacin, sannan a koma kan jigo a rufe. Haka ƙananan ƙungiyoyin jaz na New York ke yi. Bambancin yana ƙasa, a wurin ganga da bas, inda Knibb ya shigar da bugun burru na makaɗan gargajiya, sannan dole komai ya ƙare cikin kimanin minti uku domin ya shiga ƙaramin faifai. Wannan matsi ya koya wa McCook faɗin magana mai yawa cikin ɗan lokaci. Busarsa tana da faɗi da natsuwa, ba ya gaggawa ko da kiɗan yana gudu.

Sun ɗauko jigogi daga ko'ina. Caravan, wanda ƙungiyar Duke Ellington ta shahara da shi, ya koma Ska-Ra-Van a zaman da suka yi wa furodusa Justin Yap. Guns of Navarone, daga kiɗan wani fim na yaƙi, ya shiga jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1967. Freedom Sounds, wanda McCook ya tsara, ya zama taken da ƙungiyar ke buɗe wasa da shi. Waɗannan makaɗa ne kuma suka yi wa matasan Wailers, wato Bob Marley, Peter Tosh da Bunny Wailer, kiɗan Simmer Down, waƙar da ta hau matsayi na ɗaya a Jamaika a farkon 1964. Sun yi wa Maytals da Prince Buster da wasu da dama irin wannan aiki.

Duk da haka hukuma ba ta rungume su ba. Da gwamnatin Jamaika ta tashi tallata ska a baje kolin duniya na New York a 1964, ƙungiyar Byron Lee and the Dragonaires ta tura, wadda ta fi karɓuwa a wurin masu kuɗi, aka bar makaɗan unguwannin talakawa a gida. Sannan a farkon watan Janairun 1965, Don Drummond, wanda ya daɗe yana fama da taɓin hankali, ya kashe abokiyar zamansa, 'yar rawa Anita Mahfood da aka fi sani da Margarita. Kotu ta tura shi asibitin masu taɓin hankali na Bellevue, inda ya rasu a 1969. Rashin Drummond, wanda shi ne ya fi kowa rubuta musu sababbin jigogi, da saɓani kan kuɗi da shugabanci, suka wargaza ƙungiyar a watan Agustan 1965. Ba ta kai shekara ɗaya da rabi ba, amma abin da 'ya'yanta suka naɗa ya kai ɗaruruwan kaɗe-kaɗe.

Treasure Isle da zamanin rokstedi

Bayan rabuwar, Alphonso da Mittoo suka zauna a Studio One suka kafa Soul Brothers. McCook ya koma wurin babban abokin hamayyar Dodd, wato Duke Reid, tsohon ɗan sanda mai kamfanin Treasure Isle. Ɗakin naɗar sautin Reid na katako ne, an gina shi a saman shagonsa na sayar da barasa a lamba 33, titin Bond. A nan McCook ya kafa Supersonics, ya zama mai tsara kiɗan kamfanin.

Daga 1966 kiɗan Jamaika ya rage gudu, aka shiga zamanin rokstedi. Bas na lantarki ya maye gurbin babban bas na katako, ya fito gaba yana maimaita gajeren jigo, muryoyin mawaƙa masu amshi suka karɓi wurin da mabusa ke riƙe da shi a ska. Ga ɗan jaz wannan koma baya ne ta fuskar damar nuna gwaninta. McCook ya mayar da ƙarfinsa kan tsari: gajeruwar busa ta buɗe waƙa, amsa kaɗan a bayan mawaƙi, da sarewa mai laushi inda saksofon zai yi nauyi. Tare da mai jita Lynn Taitt, ɗan asalin Tirinidad, ya taimaka wajen samar da sautin da har yau ake gane Treasure Isle da shi.

Supersonics sun yi wa Alton Ellis, Phyllis Dillon, Techniques, Melodians da Justin Hinds kiɗa. Waƙar The Tide Is High ta ƙungiyar Paragons, wadda aka naɗa a wannan ɗaki a 1967, ita ce ƙungiyar Blondie ta Amurka ta sake rerawa a 1980 ta hau matsayi na ɗaya a Amurka da Birtaniya. A 1970 kuma U-Roy ya ɗora maganarsa mai kari a kan tsofaffin kaɗe-kaɗen Treasure Isle, faya-fayansa uku suka mamaye saman jerin waƙoƙin Jamaika a lokaci guda. Wannan salo na magana a kan kiɗa shi ya haifi dansehol daga baya.

Rege da dub

A shekarun 1970 rege ya kafu, saƙon Rastafari da na komawa ga tushen Afirka ya mamaye waƙoƙi. McCook ya zama mabushin da kusan kowane furodusa ke nema. Ya yi aiki da Aggrovators, makaɗan Bunny Lee, da kuma Revolutionaries na ɗakin Channel One, inda Sly Dunbar ke buga ganga. Ana jin busarsa a kundin Right Time na Mighty Diamonds na 1976 da Two Sevens Clash na ƙungiyar Culture na 1977.

Wannan zamani ya dawo masa da filin da ya rasa, ta hanyar dub. Injiniya Osbourne Ruddock, wanda aka fi sani da King Tubby, yana ɗaukar waƙar da aka gama naɗa a ɗakinsa na unguwar Waterhouse, ya cire muryar mawaƙi, ya bar ganga da bas, ya riƙa shigar da sauran kayan kiɗa yana fitar da su tare da amsa-kuwwa. Abin da ya rage fili ne buɗaɗɗe mai jigo ɗaya ko biyu da ke maimaituwa, irin wanda Coltrane ya fi son busa a kai a shekarunsa na ƙarshe. A kan irin wannan shimfiɗa McCook ya fitar da Cookin' da Brass Rockers a 1975, sannan Hot Lava, da Blazing Horns wanda ya yi tare da mai turampet Bobby Ellis a ƙarƙashin furodusa Vivian Jackson, wato Yabby You. Masu nazarin kiɗa na ɗaukar waɗannan kundaye a matsayin wurin da haɗin jaz da rege ya fi fitowa fili a aikinsa.

'Yan jaz na Amurka ma sun lura. Herbie Mann, shahararren mai busa sarewa, ya gayyaci McCook da makaɗansa suka naɗi kundi a Landan, wanda kamfanin Atlantic ya fitar a 1974 da sunan Reggae, tare da mai jita Mick Taylor na Rolling Stones. A fim ɗin Rockers na 1978 kuma an nuna McCook da abokan busarsa suna atisaye a tsakar gida a Kingston. Gwamnatin Jamaika ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa, Order of Distinction, saboda hidimarsa ga kiɗa.

Batun haƙƙin makaɗa

Shaharar kiɗan ba ta zama arziki ga masu yin sa ba. A tsarin da ake bi a Kingston a shekarun 1960 da 1970, furodusa yana biyan makaɗi ladan kowane kiɗa sau ɗaya a ranar naɗa, daga nan faifan da duk abin da zai kawo ya zama nasa. Sau da yawa ba a rubuta sunan wanda ya ƙirƙiri jigo a jikin faifai, wani lokaci ma sunan furodusa ake sawa a matsayin marubuci. Tun da al'adar Jamaika ce a sake amfani da kiɗa ɗaya a ɗora masa waƙoƙi goma ko fiye, jigon da mabushi ya ƙirƙira cikin rabin sa'a zai iya yin shekara talatin yana kawo kuɗi ba tare da ya ga ko sisi ba. Sai a 1993 Jamaika ta kafa sabuwar dokar haƙƙin mallaka da ta maye gurbin ta zamanin mulkin mallaka. Kafin nan yawancin makaɗan zamanin McCook sun tsufa, wasu sun yi hijira zuwa Birtaniya, Amurka da Kanada, wasu sun mutu cikin talauci.

Dawowar Skatalites da ƙarshen rayuwa

A ƙarshen shekarun 1970 matasan Birtaniya, farare da baƙaƙe, suka farfaɗo da ska ta hannun ƙungiyoyi irin su Specials da Madness, abin da ya sa aka koma neman masu asalin kiɗan. Skatalites suka sake haɗuwa a bikin Reggae Sunsplash na 1983 a Jamaika, suka fitar da kundin Return of the Big Guns a kamfanin Island a 1984. A tsakiyar shekarun 1980 McCook ya koma Amurka da zama, ƙungiyar ta sake kafuwa a can, ta shiga zagayen wasanni a Amurka, Turai da Japan.

Kundinsu na 1994, Hi-Bop Ska, ya cika burin da McCook ya daɗe da shi na tsayawa kafaɗa da kafaɗa da manyan 'yan jaz. A cikinsa akwai mai saksofon David Murray, mai turombon Steve Turre, mai fiyano Monty Alexander ɗan Jamaika, da mai turampet Lester Bowie, wanda ya zauna a Legas a 1977 ya yi busa tare da Fela Anikulapo Kuti. Kundin ya shiga jerin waɗanda aka zaɓa domin takarar kyautar Grammy, haka ma Greetings from Skamania na 1996.

Ciwon zuciya ya kama McCook a 1995, aka yi masa tiyata, dole ya daina tafiye-tafiyen wasa. Ya rasu a jihar Jojiya ta Amurka ranar 5 ga Mayu, 1998, yana da shekara 71. Roland Alphonso, abokin busarsa kuma abokin gasarsa na tsawon shekaru, ya bi shi a watan Nuwamban wannan shekarar. Lester Sterling, na ƙarshe cikin mabusan farko na ƙungiyar, ya rasu a 2023.

Abin da ya bari

Ƙungiyar Skatalites tana nan tana wasa da sababbin makaɗa, kuma har yanzu da Freedom Sounds take buɗe taro. Hanyar da McCook ya share ta samu mabiya: Cedric Brooks, wanda ya haɗa jaz da gangunan Count Ossie a kundin Grounation na 1973, Dean Fraser, wanda ya zama babban mabushin saksofon na rege tun daga shekarun 1980, da Courtney Pine, haifaffen Landan ɗan iyaye 'yan Jamaika, wanda ya je Kingston ya naɗi kundin rege mai suna Closer to Home a 1990. A Landan mai bas Gary Crosby ya kafa ƙungiyar Jazz Jamaica, a Japan kuma akwai Tokyo Ska Paradise Orchestra, dukansu a kan tsarin jigo da zagayen busa da Skatalites suka kafa.

A watan Nuwamban 2018 hukumar UNESCO ta sanya rege cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada waɗanda ya wajaba a adana. Makarantar Alpha, wadda yanzu ake kira Alpha Institute, ta daina kwanan ɗalibai, amma tana ci gaba da koyar da matasan Kingston busa da karatun rubutun kiɗa a harabarta ta titin South Camp.